Lambar Uwa, Tukunyar Kaka

Duk sanda na ji ɗayanku ya ce haɗa fom ɗin uwa da na ɗa ba wani aiki ba ne, sai in ci gaba da shan shayina. Ba ƙarya kuka yi ba. Ka jawo ƙaramin fom ka jefa cikin babba, inji ya tambaye ka wane akwati zai kama da wane, ka danna, ka tashi kana miƙa kamar wanda ya gama noman gona. Ni ma na iya wannan tun kuna rarrafe. Abin da ya cinye mini ƙuruciya shi ne sanin wanda za a sa a sama da wanda za a sa a ƙasa, kuma har yau ban ga makarantar da ake koyar da shi ba.

Ga wanda bai san sana'ar ba, abin haka yake. Rumbun bayanai muke ginawa a cikin kwamfuta, mu nan baz muke ce masa. Idan za ka ajiye sunayen mata da na ƴaƴansu, jadawali biyu za ka yi. Kowace uwa inji ya ba ta lamba wadda ba ya sake ba wa kowa. Kowane yaro kuma a layinsa akwai akwati guda da ke riƙe da lambar uwarsa. A fuskar kwamfuta uwa tana sama, ƴaƴa suna wata taga a ƙasa. In ka ɗaure akwatunan nan biyu da kyau, da ka wuce zuwa wata uwa sai ƴaƴan ƙasa su canza, kuma duk yaron da ka ƙara zai ɗauki lambarta da kansa. In ba ka ɗaure ba, ko dai kowace mace ta haifi yaran gari duka, ko kuwa duk matan gari su zama ba su taɓa haihuwa ba.

A Damagaram na koya, wurin Mushe Abdu (mushe shi ne malam da Faransanci), tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya ajiye alli ya buɗe shago mai inji biyu. Mutum ne mai faɗa. Na daɗe a wurinsa ina shara da sayo gawayin shayi kafin ya bar ni na taɓa inji, kuma ko da ya bari, sai na zana jadawalin a takarda da fensir, na ja layi daga lambar sama zuwa akwatin ƙasa, ya duba ya yage, in sake. Manhajar da muke aiki da ita da Faransanci take, uba da ɗa take kiran akwatunan. Shi kuwa ya ce a shagonsa uwa ce, don bai taɓa ganin namiji da yara suna bin sa a baya zuwa rijiya ba. Abin da ya fi nanata mini shi ne doka guda: kada ka bar inji ya karɓi yaron da ba shi da lamba a sama. Irin wannan yaro yana cikin baz amma ba ya fitowa a kowane fom, ba wanda zai sake ganinsa sai ranar da aka zo nemansa aka rasa.

Aikina na farko ni kaɗai a Magaria ne, wurin wani darektan lakwal mai zaman kanta. Ɗan ƙanensa ya yi masa baz, aji a sama, ɗalibai a ƙasa, ya manta bai ɗaure ba. Kowane aji ka buɗe, ɗaliban makarantar duka suna ciki. Darekta ya buga takardu ya tara, yana murna makaranta ta cika, har ya fara maganar gina sabbin ɗakuna. Da na gyara ajujuwan suka koma yadda Allah ya yi su, sai ya dube ni kamar ni na kori yaran.

Kayan aikina a lokacin ba abin da za ku ɗauka ko kyauta aka ba ku. Inji mai ƙaton kai, da akwatin batir mai kuka duk sanda kuran, wato lantarki, ya ɗauke, da faifan ajiya da zafin rana ke kashewa a aljihu. Daga baya kle ya zo, ɗan ƙaramin abin kwafar nan, yana yawo biro-biro, daga wannan ofis zuwa wancan, yana kwaso cutar inji. A bargo nake naɗe injin, in rungume shi a bayan kabu-kabu har Dantchiao, ni da ɗan kabu-kabu muna faɗa a kan kowane rami. Can na yi wa wani mai allurar dabbobi aiki, mai garke a sama, shanu a ƙasa. Makiyayi ba ya gaya maka yawan shanunsa ko za ku kwana a nan. Amma ka tambaye shi sunan kowace saniya da launinta, zai jero maka su har ka gaji. A nan na gane cewa fom tambaya ce, kuma akwai tambayar da mutanenmu ba sa amsawa.

Babban aikin da na yi a rayuwata na wani furoje ne, wato shirin agaji, mai kula da mata da ƙananan yara a ƙauyukan tsakanin Dungas da Kwaya. Awo, rigakafi, da garin kunu idan bazara ta yi tsanani. Sun kawo mini takardarsu a shirye: uwa a sama, ƴaƴa a ƙasa. Na ce a ba ni dama in bi ma'aikatan awo in zauna a gefe tukuna. Ban daɗe da zama ba na ga ramin. Kowa a cikinku ya san abin, amma ba wanda ke tunawa idan ya zauna gaban inji. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta ƙirga shi cikin ƴaƴanta a gaban mutane, ba ta ɗora shi a cinya a bainar jama'a. Lokacin yaye ya yi a kai shi wurin kaka, sau da yawa can zai girma. A birni abin ya fara sakewa, amma a ƙauyukan nan yana nan daram. Ka tambayi mace ƴaƴa nawa, ta faɗi na bayan ta yi shiru. Washegari a wani gari wata tsohuwa ta zo da yaro a goye, ka tambayi uwarsa, ta ce ga ta nan gabanka.

Sai na canza fom ɗin sama. Na cire uwa na sa mai riƙo. Tambayar da na rubuta wa ma'aikatan ita ce: tukunyar wa yaron nan yake ci? Wannan kowa yana amsa ta da baki buɗe. Kaka ce, gwaggo ce, uwa ce, duk wadda ta ce tata ce ita ke samun lamba, yaro ya shiga ƙarƙashinta. Na bar wani ɗan akwati na sunan mahaifiya a gefe, in maƙwabta sun faɗa a cika, in ba su faɗa ba a wuce. Shekaru baz ɗin nan yana aiki a wani ɗaki mai rufin kwano a Dungas, kuma ban taɓa jin an ce ga yaron da ya faɗi ta tsakiya ba.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana fid da kai, abin da ya tsira kuma tsutsa ta bi zangarniya ta cinye. Tun kafin zafi ya shigo rumbuna sun yi fayau. Maza suka tsallaka iyaka neman abin aikowa, garuruwa suka zama na mata da tsofaffi. A wannan shekarar furoje ya samu sababbin masu ba da tallafi, suka zo da nasu tsarin. Kwamfutar hannu mai kama da allo, baz ɗin kuma yana can wata ƙasa, ba mai taɓa cikinsa daga nan. Nasu uwa ce a sama, uwa mahaifiya, da zanen yatsarta, da hotonta tana riƙe da yaron. Ba zan yi musu ƙarya ba, suna da dalili. Ana aron yara, yaro guda a kai shi awo a gari biyu da zani daban, na gani da idona. Sun zo toshe wannan ne.

Aka ce in kwashe nawa in zuba a nasu. Na zuba. Duk yaron da ke ƙarƙashin uwarsa ya wuce lafiya. Duk wanda ke ƙarƙashin kaka ko gwaggo inji ya tofo shi waje, ya tara su a wani wuri da ya kira marasa uwa. Na rubuta, na buga waya, na hau mota har Damagaram. Can suka ce Yamai, Yamai suka ce waɗanda suka ƙera abin ne kaɗai ke da mabuɗi, an aika musu, za a duba. Ba wanda ya yi mini rashin mutunci, kowa ya ce gaskiya gare ni. Aka bar ni a aiki na ɗan lokaci ina bin masu rabo ina riƙe musu batir.

Ranar rabon farko a wani ƙauye gabas da Dungas, ƙarƙashin wani gawo, wadda ke riƙe da allon Madam Balkisa ce, mace mai hankali da ta san aikinta. Ana kiran suna ana ba da buhun garin kunu. Aka gama kira, wata tsohuwa tana nan tsaye da yaro a bayanta. Na san ta, Inna Dije, tana cikin baz ɗina, ƙarƙashinta jikanta Yahaya da aka kawo mata yaye. Ya isa tafiya, amma ƙafafunsa reto suke yi, gashin kansa ya yi ja. Aka naɗa masa zaren awo a damtse ya nuna rawaya, alamar rama ta kama shi amma ba ta kai ja ba.

"Madam, ba a kira maigidana ba," in ji ta. Haka take ce wa jikan, wasan kaka da jika.

"Inna, ya sunan uwarsa?"

Tsohuwar ta dubi ƙasa. "Yarinyar nan ce dai."

"Wace yarinya, Inna?"

Wata mata daga baya ta ce, "Zuwaira sunanta. Ƴarta ta fari ce, ba za ta faɗa miki ba. Tana aure can wajen Kwaya."

Madam Balkisa ta nema ta samu. Ga Zuwaira a cikin allo, an yi mata rajista a garin mijinta, mai juna biyu. A tagar ƙasa, wurin ƴaƴa, babu kowa. An tambaye ta ba ta faɗa ba. Kaka ba ta kiran ƴarta, ƴar ba ta kiran ɗanta na fari, inji kuma yana jiran ɗayansu ta buɗe baki.

Madam ta gwada ta sa yatsar tsohuwar, allo ya ƙi. Ta gwada ta yi mata rajista a matsayin uwa, ya ce shekarunta sun wuce. Buhunan kuwa da suna suke zuwa, in ta ba wanda ba ya ciki ta hana wani yaron, kuma sata za a kira shi. Likita, wato asibiti, ba ta karɓar rawaya, sai ja. Wato sai yaro ya ƙara lalacewa kafin ya cancanci magani. Da aka watse Madam ta tattara garin da ya zube a kan tamfol ta ƙulle wa tsohuwar a bakin zani.

"Baba Ilu," ta ce mini, "hanya ɗaya ce. Uwar ta zo da kanta, ta sa yatsa, ta ɗauke shi a yi musu hoto, ta faɗi sunansa."

Na ce, "A gaban mutane?"

"A wurin rabo kaɗai allon yake buɗewa."

Ni na je garin su Zuwaira, damina ta riga ta faɗi, babur yana nutsewa muna sauka muna turawa. Surukarta ta ce mai gidan ba ya nan, mace ba ta fita gari ba izini, ballantana da tsohon ciki. Na nemi lambarsa na kira shi a wayata, yana can yana dako a wata kasuwa. Bai ko bari na gama ba ya ce a je mana. Sannan aka bar ni na tsaya a bakin zana, ita tana ciki.

Na ce, "Daga wajen Inna Dije nake. Yaron da ke wurinta ba shi da lafiya sosai. Ba za a ba shi gari ba sai kin zo."



Na gaya mata abin da za a sa ta yi, ban rage komai ba. Can ta ce, "Ran nawa ne, Malam?" Na faɗa. Har na juya sai hannunta ya fito ta ƙarƙashin zana da ƙullin ɗankwali. Garin kunu ne, daga nata rabon na mai ciki.

"Ka kai wa Inna," ta ce. "Ka ce na mutanen gidan ne."

Ran rabo na gaba ta zo a amalanken jaki, ƙafafunta a kumbure. Ba ta dubi uwarta ba, uwar ba ta dube ta ba, sun gaisa suna kallon wani wuri. Inna Dije ta kwance goyon ta miƙa wa wata maƙwabciya, ita ta ɗora shi a cinyar Zuwaira. Yaron bai san ta sosai ba, ya fara neman kakarsa, amma ba shi da ƙarfin yin kuka. Matan da ke layi, ba wanda ya ce musu komai, suka juya mana baya gaba ɗaya. Ni ma na kau da kai. Na ji Madam tana cewa a hankali, "Ki ɗago kanki kaɗan, ƙanwata. Yauwa. To ya sunansa?" Sai na ji Zuwaira ta faɗa, da muryar da in iska ta motsa ganye ba za ka ji ba.

Allo ya karɓa. Na leƙa na ga layin ya fito a tagar ƙasa, ɗauke da lambar uwarsa, ɗauri mai kyau wanda Mushe Abdu ba zai yage ba. Sai wani rubutu ya biyo baya: an rufe jerin wannan zagayen, rabonsa zai fara wata mai zuwa. Madam ta karanta ta sake karantawa, ta ajiye allon a cinya ta rufe fuska da mayafi. Ban taɓa jin ƙin sana'ata ba irin na ranar. Zuwaira ta bar wa uwarta buhunta na mai ciki, ta hau amalanke hannu wofi.

Buhu guda ba ya tayar da yaron da ya riga ya kwanta. Ba a jima ba zaren ya nuna ja, aka kai shi likita, aka fara ba shi maganin tamowa. Zazzabin damina ya same shi a haka. Ni ba likita ba ne, ba zan rantse muku cewa da an ba shi gari tun farko da ya rayu ba. Abin da na sani shi ne a tsohon injina na ɗakin kwano yana nan ƙarƙashin kakarsa tun ranar da aka kawo shi yaye, kuma da shi aka yi rabo da an kira sunansa a ranar farko. Gyaran da aka ce za a yi ya zo daga baya, bayan an yi girbi, ni kuma an sallame ni. Yanzu ba mai neman irin aikina, kowa ya ce abin da ake ginawa a can ya fi, wataƙila kuma ya fi ɗin.

Rabon ƙarshe da na bi su a garin su Zuwaira aka yi, yaron kuwa yanzu ɗan can ne a wurin inji. Buhunsa ya zo da sunansa a jiki. Labari bai iso wa Madam ba, ni ma a hanya na ji, na rasa ta inda zan fara. Aka kira Zuwaira ta fito da jaririya a baya, ba ta gama wanka ba. Madam ta duba tagar ƙasa ta ce, "Ina yaron?"

"Ya koma," in ji ta.

Madam ta yi salati, ta yi mata gaisuwa. Allon yana tambaya, yana nan ko ba ya nan, in ba ya nan mene ne dalili. Ta zaɓi dalilin ta danna, layin ya ɓace, tagar ƙasa ta koma fara. Aka mayar da buhunsa cikin mota.

Zuwaira ta karɓi nata amma ba ta tafi ba. Ta tsaya har layi ya ragu, sannan ta matso kusa da ni, tana gyara goyo, idonta a ƙasa.

"Malam, hoton nan na ran nan. Ko za a iya nuna mini?"

Na dubi Madam. Ta buɗe, ta koma baya, ta shiga nan ta fita can. Hoton a layin yaron yake, layin kuma an rufe shi, ya tafi inda mabuɗin yake. Ta ce, "Ƙanwata, da kin faɗa kafin in danna."

"Ba komai," in ji Zuwaira. "Dama ban dube shi da kyau ba ne ranar, mutane suna nan."

Ta ɗora buhun a ka, ta bi ta tsakanin gero ta tafi gida.